Yadda Ake Haɗa Ɗan Littafin Tarihin Gwani Mai Zane da Hotuna

Yaron da ke aji biyar a firamare a Bauchi ya san fuskar Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin tana jikin naira biyar, ko da yake ita kanta naira biyar ɗin yanzu ta yi wuyar gani. Amma ka tambaye shi wane ne Sa'adu Zungur, sai ya ce maka sunan makaranta ne. Makaɗin fadar garinsu kuwa, ko zabiyar da ta yi wa kakarsa waƙa ranar aurenta, ko sunansu bai taɓa ji ba. Ɗan littafi mai shafi 32, rabi zane rabi rubutu, yana iya toshe wannan giɓi, kuma mutum biyu sun isa su yi shi: marubuci da mai zane. Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. Yaro ya fi yarda da zane a kan rubutu, saboda haka duk binciken da za ka yi wa jimla, sai ka yi wa zane ninkinsa.

Zaɓen wanda za a rubuta

Kowa da Shata yake so ya fara. Ni ban ba ka wannan shawara ba. An yi rubuce-rubuce da yawa a kansa, kuma mutanen da suka zauna da shi suna can ƙasar Katsina, kuɗin mota kaɗai zai cinye maka jari. Duba kusa da kai. Idan kana Bauchi, ga Sa'adu Zungur, mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya. Ga Tafawa Ɓalewa, wanda yara suka sani a matsayin Firayim Minista amma ba su san marubuci ba ne, shi ya rubuta Shaihu Umar tun a shekarun 1930. Idan kana Gombe, Kaltungo, Dukku ko Azare, akwai makaɗa da masaƙa da magina da marina waɗanda duk ƙasar ta san su amma ba a taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansu ba. Ba dole ne gwanin ya zama Bahaushe ba. Bafulatani, Batangale, Batere, Bajari, Bageri, duk littafin Hausa zai ɗauke su, sai dai ka nemi mai jin harshen ya zauna da kai.

Tambayoyi uku za su raba maka gardama. Akwai mutum aƙalla biyu masu rai da suka gan shi da idonsu? Akwai hotonsa ko guda ɗaya ne? A rayuwarsa akwai abin da za a zana, wato tafiya, sana'ar hannu, taro, karo da masu iko? In biyu daga ciki sun samu, ka ci gaba.

Sallama ga iyali

Kada ka fara da kyamara. Nemi wanda zai yi maka iso, mai unguwa ko wani dattijo da gidan suke jin nauyinsa. Ka tafi da ɗan goro ko turare, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka ba tare da kwana-kwana ba: "Baba, so muke mu rubuta tarihin marigayi saboda yara, da zane a ciki. Ba za mu buga komai ba sai kun gani." Wannan alkawarin na ƙarshe, in ka ɗauka, ka cika shi.

A wannan zama na farko za ka ta da maganar zanen fuska. Akwai gidajen da ba su da matsala da hoton kyamara amma ba sa son a zana mahaifinsu da hannu, saboda fahimtarsu ta addini. Kada ka tsaya jayayya. Littafin zai yiwu ba tare da fuska ba: a zana hannuwansa a kan kalangu, a zana shi ta baya yana fuskantar taro, a zana zaurensa da buzunsa da gafakarsa, sannan a sa hoton kyamara guda a shafin farko. Wasu lokuta irin wannan littafin ya fi kyau ma, domin mai zane ba ya ɓata ƙarfinsa wajen kokawa da kama. Idan gwanar mace ce, a nemi mace ta shiga cikin gida ta yi hirar. Abin da tsohuwa za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace a tsakar gida, ba za ta faɗa maka shi a zaure ba ko za ka shekara kana zuwa.

Ka rubuta takardar izini gajeriya da Hausa, babban gidan ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Hira, wadda ita ce rabin aikin

Waya ta isa ɗaukar murya. Ka sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, ka ajiye ta kan tabarma kusa da mai magana, ka kashe fanka in zai yiwu. A farkon kowace ɗauka ka faɗi kwanan wata da wuri da wanda kake hira da shi. Kada ka wuce awa guda da tsoho. Gara ka dawo.

Yawancin masu hira suna tambayar abin da za a rubuta: ina aka haife shi, wa ya koya masa, mata nawa, 'ya'ya nawa. Ka yi waɗannan, amma ka ware lokaci na musamman don tambayoyin mai zane, in da hali ma ka tafi da shi. Dogo ne ko gajere? Yana da tsage, kuma wane iri? Wace hula yake sawa, zanna ko dara ko haɓar-kada, kuma ta wane gefe yake karya ta? Yana naɗa rawani? In zai yi waƙa a tsaye yake ko a zaune, kuma 'yan amshi ta ina suke tsayawa? Ɗakinsa soro ne, ko jinka, ko kwano? Da wace fitila ake karatu da dare? Tsofaffi suna jin daɗin irin waɗannan tambayoyin ƙwarai. Kana cewa "Inna, wane irin zane take ɗaurawa in za ta gidan biki?" sai ka ga ta gyara zama, wataƙila ma ta aika jika ya buɗe adaka ya ɗauko ainihin zanen. In haka ta faru, ka shimfiɗa shi a inuwa ka ɗauki hotonsa daga nesa da kuma dab da saƙar.

Matsalar da za ka ci karo da ita ita ce shekaru. Mutanen da ba sa ƙirga shekara da lamba, da aukuwa suke ƙirgawa, don haka ka haddace wasu ginshiƙai. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956. Samun mulkin kai 1960. Kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa Janairun 1966. Komawa tuƙin hannun dama 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira 1973. Ƙirƙiro Jihar Bauchi 1976, Jihar Gombe 1996. Sai ka tambaya: "Lokacin da ya tafi Makka, an canja kuɗi ko tukuna?" Da haka za ka matse shekarar har ta shigo tsakanin ginshiƙi biyu. In ba ta matsu ba, ka rubuta "wajajen". Ko Sa'adu Zungur da ya yi boko, za ka tarar wasu littattafai sun ce 1914 aka haife shi, wasu 1915. Rasuwarsa ce kowa ya haɗu a kan 1958.

Duk labarin da mutum ɗaya ne kawai ya ba ka, ka ajiye shi gefe har ka ji shi daga wani da ba gida ɗaya suke ba. Iyali sukan ƙara gishiri saboda ƙauna, abokan hamayya kuma su rage. Labaran aljanu da tsafi da ake jingina wa manyan makaɗa, in za ka sa, ka sa su da "mutane suna cewa".

Bayan baki sai takarda. A Bauchi, hubbaren Tafawa Ɓalewa yana da ɗakin da aka ajiye kayansa da hotunansa, kuma ko ba a kansa kake rubutu ba, hotunan za su nuna wa mai zanenka suturar zamanin. A Kaduna akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da kuma Arewa House. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, taska ce ta hotuna da tallace-tallace. Gidajen rediyo na jiha da Rediyon Kaduna su ne wurin neman tsofaffin waƙoƙi. Kada ka manta da masu sayar da kaset na da a kasuwa, da tsofaffin masu ɗaukar hoto na cikin gari. Wani yana da akwati cike da abin da kake nema.

Hoton iyali kuwa, kada ka fita da shi daga gidan. Sau da yawa shi kaɗai ne ya rage. Ka ciro shi daga gilashi in sun yarda, ka ɗora shi a farar takarda a inuwa, ka riƙe waya daidai samansa, ba a karkace ba, ka kashe walƙiyar kyamara. Ka ɗauki bayansa ma, domin a nan ake samun hatimin mai hoto, wani lokaci har da shekara.

Littafin gwaji na farar takarda

Ɗauko fallen takarda A4 guda takwas, ka haɗa su ka ninke biyu. Ka samu littafi mai shafi 32 girman A5. Shafukan irin wannan littafin dole su zama ninkin huɗu, 24 ko 28 ko 32, domin kowane falle shafi huɗu yake bayarwa. Cire na farko don suna, na biyu don bayanan bugu, biyu na ƙarshe don jerin shekaru da hotunan gaske. Abin da ya rage shi ne shafi 28: buɗi goma sha uku, kowane buɗi shafin hagu da na dama, da shafi ɗaya tilo a farko da wani a ƙarshe.

A kowane buɗi ka rubuta abu ɗaya da fensir, ɗaya tak. Misali na Sa'adu Zungur: yarinta da karatun addini a Bauchi, Kwalejin Katsina, isarsa Babbar Kwalejin Yaba a Legas, inda ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga, dawowa gida, zaman muhawara a Bauchi a shekarun 1940 tare da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Bauchi, aikinsa da jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, waƙoƙinsa, rashin lafiyar da ta daɗe tana damunsa. Zaman muhawarar nan ya cancanci buɗi biyu, domin nan ne yaro zai ga samari uku da kowannensu daga baya ya zama abin faɗa, suna zaune ana musu. Jerin muƙamai da kwamitoci kuwa, ka tura su shafin shekaru.

Rubutu

Kalma sittin zuwa ɗari a shafi sun isa. Abin da zane ya nuna kada rubutu ya maimaita. In an zana shi da farar riga, ba sai ka ce ya sa farar riga ba, ka faɗi inda za shi da abin da ke ransa in kana da shaida. Ka guji tara kirari. "Gwarzo, haziƙi, fasihi, namijin duniya" ba su gaya wa yaro komai ba, amma "ya iya tsayawa gaban Razdan ya ce bai yarda ba" ta gaya masa, muddin ka tabbatar hakan ta faru.

Kada ka ƙirƙiro magana ka sa a bakin mamaci. In wani ya ce ya ji shi ya faɗa, ka rubuta cewa wane ne ya ji. Abubuwan da ba su da daɗin faɗa, kamar zambo da ya yi wa wani gida ko rigimar siyasa, littafin yara ba wurin tone-tone ba ne, amma kuma kada ka mai da mutum waliyyi. Jimla ɗaya mai gaskiya ta wadatar.

Sai batun baitoci. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba rubutu da waƙa da zane kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu, hoton kyamara kuma shekara 50 daga fitowarsa. Ka yi lissafi: waƙoƙin Sa'adu Zungur suna cikin kariya har ƙarshen 2028, rubutun Tafawa Ɓalewa har ƙarshen 2036, na Shata da ya rasu a 1999 kuwa da sauran tafiya. Saboda haka in za ka ɗauko baitoci masu yawa, ka nemi izinin magada ko kamfanin da ya buga, a rubuce.

Mai zane

Za ka same shi a sashen zane na kwalejin ilimi, ko cikin masu rubuta allunan shaguna da masu yi wa manyan motoci ado. Kada ka raina na bakin titi. Da yawansu hannunsu ya fi na mai takardar shaida faɗawa. Gwajin ɗaya ne: ba shi hoton gwanin, ka ce ya zana shi yana yaro, yana saurayi, yana tsoho. In ka jera ukun ka ga mutum ɗaya ne, ka samu abokin aiki. Ku rubuta yarjejeniya: zane nawa, nawa ne kuɗin, gyara sau nawa, wa ke da zanen bayan bugu. Sunansa kuma ya fito a bango tare da naka.

Ya fara da fensir, duka shafukan, kafin ya taɓa launi. A nan ne za ka zauna da kowane zane kana tambayarsa: wannan abin yana nan a wannan shekarar? Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. A zana Tafawa Ɓalewa yana hawa jirgin ƙasa a Bauchi zai tafi Kwalejin Katsina a 1928, alhali layin dogo bai iso Bauchi da Gombe ba sai farkon shekarun 1960. A kafa tuta kore-fari-kore a bayan Sa'adu Zungur, wanda ya rasu shekara biyu kafin a ɗaga ta. A zana ana yi wa mawaƙi liƙi da naira a 1965. A sa bokitin roba da takalmin soso da rufin kwano a ƙauyen 1930.

Kayan kiɗa sun fi komai tona asirin mai zanen da bai yi bincike ba. Kuntigin Ɗanmaraya Jos ɗan ƙarami ne mai tsirkiya ɗaya, ba garaya ba ce, ba kuma gurmi ba. Goge da kukuma da izga ake goga su, ba a kaɗa su da yatsa. Kalangu a hammata ake matse shi, kuma ba shi ne kotson makaɗan fada irin su Narambaɗa ba. Barmani Choge da ƙwarya aka san ta, ƙwaryar kuma a kife take. In mai zanenka bai taɓa riƙe abin ba, ka kai shi wurin mai kaɗa shi ya ga yadda yatsu suke zama. Haka in gwanin magini ne ko masaƙi. Dubi bayan naira ashirin, inda aka nuna Ladi Kwali tana aikin tukunya: da hannu take gininta, kamar yadda matan Gwari suke yi, kuma wannan shi ya sa hoton ya zama nata.

Wasu yanzu suna sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi musu zanen. Ra'ayina, don gwada tsarin shafi ba laifi, amma kada ta shiga littafi. Ka ce ta zana malamin Bauchi na 1945, sai ta naɗa masa rawanin Indiya, ta gina masa masallacin Masar a baya, fuskar kuma ta canja daga shafi zuwa shafi.

In fensir ya kammala, ka koma gidan da shi kafin a sa launi. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba za ta duba ta ce, "A'a, shi ba ya barin gemu haka." Gyaran fensir minti biyar ne da magogi.

Kwamfuta da maɗaba'a

A yi sikanin zanen a ma'aunin 300 dpi ko sama. Kada a tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi ya dushe. A tura shi a matsayin fayil, ko a kai shi a filashi. Yawancin masu tsara shafi a garuruwanmu da CorelDRAW suke aiki, kuma ya isa. Ka gaya wa mai tsarawa ya mai da launuka tsarin CMYK na injin bugu, ya bar rarar milimita 3 a gefen duk zanen da ya cika shafi saboda yanka, kuma kada fuska ta faɗa tsakiyar ninki.

Inda littattafan Hausa suka fi lalacewa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Nau'in rubutu da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta aro su daga wani nau'in su fito a karkace, ko ta sa ɗan akwati a gurbinsu. Andika da Charis SIL da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ne. Andika ma don masu koyon karatu aka yi shi. Girman harafi 14 ya dace da yara. A fitar da aikin a PDF, ka buɗe shi a wata kwamfutar daban ka duba manyan Ƙ da Ɗ da Ɓ musamman, su ne suka fi ɓacewa.

Takardar ciki, in da launi, kada ta gaza giram 100, in ba haka ba zanen baya zai riƙa leƙowa. Bango kati mai giram 250 ko 300, a yi masa leda. Ɗinkin waya biyu a tsakiya ya isa shafi 32. In kuɗi sun yi kaɗan, ka yi cikin baƙi da fari, bango kaɗai mai launi. Zanen tawada mai tsabta ya fi launin da ya cakuɗe. Kwafi kaɗan, injin dijital ya fi sauƙi. In ka haura ɗari biyar, ka tambayi farashin injin faranti, wato babban injin bugu na ofset, a nan gida da kuma Jos ko Kaduna ko Kano, ka haɗa da kuɗin mota kafin ka yanke. Ko nawa za ka buga, ka sa a fitar maka da kwafi ɗaya cikakke tukuna, ka ba yara uku ko huɗu su karanta da ƙarfi kana saurare. Inda suka yi tuntuɓe ka gyara jimlar, inda suka tsallake shafi ka sake duba zanen.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce mai buga littafi ya kai musu kwafi uku. Kwafin farko da ya fito daga maɗaba'a na iyalin ne, ka kai da kanka, tare da filashi mai ɗauke da muryoyin da ka ɗauka da hotunan da ka yi sikanin. Sauran ka fara da shugabannin makarantun firamare da Islamiyya na unguwar da gwanin ya fito, da malaman Hausa na sakandare, sannan shagunan littattafai na Kasuwar Wunti ko babbar kasuwar Gombe. Wajen sa farashi, ka raba duk abin da ka kashe, har da ladan mai zane, a kan yawan kwafin da za ka sayar, ban da waɗanda za ka bayar kyauta, sannan ka ɗora kason mai shago a kai.